Sunan Ya Gaji a Takardar Magani

Tun da muka dawo daga Umra mata ke tare ni a gidan biki da gidan suna, kowa na so ta ji yadda na fita da maganin uwar mijina har ƙasar Saudiya ba wanda ya taɓa mu. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Amma tun yanzu in gaya muku, sunanta na yanka ba za ku gan shi a nan ba, duk da shi ne ya kusa hana mu tafiya.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ƴar unguwar Zango a nan Damagaram, aure ya kai ni unguwar Birni gidan Barebari. Uwar mijina kowa Ya Gaji yake ce mata, don ita ce auta a ɗakinsu. Ƴaƴanta haka suke kiranta, jikoki haka, mai kawo ruwa ma haka. Shekarata ashirin da ɗaya a gidan, ban taɓa jin wani ya kira ta da wani suna ba. Na san sunan, don an mayar wa ƴata ta fari, wadda muke ce wa Nana. Sani daban, faɗi daban. Surukar kirki ba ta kama sunan uwar miji, kuma ni ban ga abin da boko ya rage mini ba a nan.

Ciwon ya fara ne bayan an gama girbin gero. Ta sunkuya za ta ɗauki buta, sai ta tsaya a sunkuye. Ta ce wani abu ya tsarga mata daga kwankwaso, ya bi bayan cinyar hagu har babban yatsa. Satin farko man zafi muka yi ta shafawa, ina gasa mata da ruwan ɗumi safe da yamma. Sati na biyu dangi suka fara zuwa dubiya, kowa da likitancinsa. Baba Zara, ƙanwar marigayi uban mijina, ta taso daga Hamdara da ƙullin saiwa, ta ce sanyi ne ya taru. Wata ta ce wani abu ta taka. Aka kira wanzami ya yi mata ƙaho, bayanta ya yi tabo shida, ciwo yana nan inda yake. Ni dai ina dafa abin da aka ce a dafa, don ba a musu da manya a gaban mara lafiya, amma na riga na san inda za mu ƙare.

Abin da ya karya mata zuciya salla ce. Mace ce da ba ta taɓa yin farilla a zaune ba, sai ga shi ko ruku'u ba ta iyawa. Ranar da na same ta tana sallar la'asar a bakin gado, hawaye na bin fuskarta, na ce gobe sai likita, ko wa zai yi fushi ya yi.

Maigidana yana Takieta wajen aiki a satin. Ƙaninsa Ari ne ya kai mu da motarsa, ya ajiye mu a ƙofa ya ce zai nemi inuwa, ban sake ganinsa ba sai da muka fito. Muka bi layi har wajen mai buɗe karne, wato ɗan littafin da ake rubuta wa mara lafiya komai a ciki. Bai ko ɗago kai ba ya ce sunan mara lafiya. Tana zaune a benci, tsakanina da ita bai fi taku biyu ba, kuma kunnenta ya fi nawa ji. Na ce Ya Gaji. Ya ce Gaji wa? To, nan ma sunan uban mijina ba na bakina ba ne, sai na ba shi laƙabin da duk Birni ta san marigayin da shi, na ce Mai Kanwa. Ya rubuta Gadji Maïkanwa, ya buga hatimi, ya ce na gaba. Bai tambayi katin ɗan ƙasa ba, ni ma ban kawo komai a raina ba.

Aka yi mata hoton baya, wanda suke ce wa radiyo. Likitan ƙashi sau ɗaya yake ganin mutane a sati, ranar Talata, saboda haka sai da muka ƙara kwana shida. Ya ɗaga hoton ya nuna mini inda ƙashin baya ya zaizaye ya danne jijiya. Ya ce sunan abin siyatik. Daga ranar Ya Gaji ta mai da shi mutum. In aka gaishe ta da jiki sai ta ce Siyatiku bai bar ta ta yi barci ba, ko ta ce yau Siyatiku ya tafi kasuwa.

Maganin farko bai yi komai ba sai ƙona mata ciki. Na biyu ya ɗan rage na kwana huɗu. A sati na shida likita ya ce zai sa ta a tramol. Ya Gaji ta kama haɓa, ta ce ita da tsufanta za a ba ta abin da ake kama samari da shi? Ya yi dariya, sa'an nan ya gyara fuska ya yi mini magana uku da ban manta ba. Kada a saya sai a farmasi da ordonans ɗinsa, wato takardar maganin da ya rubuta, ba wajen masu talla a tire ba. Kada a ƙara ko da ciwo ya tashi. Kada kuma a yanke shi rana ɗaya, in lokacin bari ya yi shi zai rage mata a hankali.

Kwanakin farko jiri ya dame ta, ga cushewar ciki. Na dage da miyar kuka da zogale da ruwa mai yawa. Ina da littafi da nake rubuta awar da ta sha, kamar yadda nake kiran sunayen ƴan aji. Ari ya sa mini suna Majo, wai na fi babbar ma'aikaciyar asibiti tsanani. Ya faɗi abin da ya ga dama. A wata na uku da idona na ga Ya Gaji ta dafa bango ta yi sallar asuba a tsaye, raka'a biyu cif. Kuɗin da ya tafi ba zan tsaya lissafi ba, kowane ƙarshen wata dai sai mun ji a jikinmu.

Da suka ga ta miƙe, ƴaƴanta maza uku suka haɗa mata kujerar Umra. Tun rasuwar mijinta take wannan buri, sau biyu ana shiryawa yana rushewa. Wannan karon ita da bakinta ta ce ƙafar nan ba za ta jira wata shekara ba. Kuɗin kujera biyu ne, aka ce ni zan raka ta, don ni na san maganinta, kuma tafiyar ta faɗo a hutun lakwal.

Mai ajans ɗin da ya shirya tafiyar ya tara mu wata Asabar, ya ce duk mai shan magani kullum ya ɗaga hannu. Na tansiyo, wato hawan jini, da na sukari ya ce ba su da wahala, a riƙe ordonans kawai. Da na ambaci namu sai ya ce in tsaya bayan taro. Ya ce wannan yana cikin magungunan da ake sa wa ido sosai a can, wanda aka kama da shi ba takarda ba zancen ƙwacewa kaɗai ba ne, yana iya ganin Makka ta tagar motar ƴan sanda. Amma da takarda halal ne. Ana son bayanin likita na kwanan nan, mai ɗauke da sunan mara lafiya da ciwonta da sunan magani da yawan da take sha, da hatimi. Ana son ordonans, da fassara, kuma maganin ya zauna a kwalinsa, daidai kwanakin tafiya. Shi zai aika wa hukumomin can takardun ta intanet tun kafin mu tashi.

Da labari ya iso gida sai shawara ta ɓarke. Ari ya ce duk wannan wahalar ta mece ce, a ɓare ƙwayoyin a tura cikin robar yaji, wane Balarabe ne zai sa hanci a yajin Damagaram? Baba Zara ta ce a ƙulla a leda a sa ƙarƙashin goro. Wata maƙwabciya ta ce a bar magani a gida, wanda ya je ga zamzam me zai yi da ƙwaya. Na ce wa Ari in yana sha'awar gidan kaso na Jidda ya sayi kujerarsa, ni ba zan je ɗakin Allah da abin ɓoyo a jaka ba.

Ashe maganar maƙwabciyar ta shiga Ya Gaji. Ba ta gaya mini ba, ta riƙa karɓar ƙwayar tana sakawa ƙarƙashin matashi, wai ta gwada ko za ta iya. Kwana ɗaya da wuni ta yi. Na dawo daga lakwal na tarar da ita tana zufa, jiki na rawa, ƙafar ta riƙe ko banɗaki ba ta iya zuwa. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba, cikin ladabi dai, amma faɗa ne. Daga ranar kowa ya gane, in ba magani ba tafiya. Ko zaman kar, doguwar motar fasinja, daga nan zuwa Yamai ba za ta iya ba, balle jirgi, balle ɗawafi.

Na haɗa takardu tsaf. Saura kwana goma sha biyu na shiga ofishin ajans da jakar takarduna, ina jin kaina, don na san ba wanda ya kai ni shiri a ayarin. Mutumin ya buɗe fasfonta ya ajiye a dama, ya ajiye bayanin likita a hagu. Ya dubi wannan, ya dubi wancan.

“Madam, wannan maganin na wace ce?”

Na ce na tsohuwar da zan raka.

“A'a. A takarda mata biyu ne. Ɗaya tana da fasfo ba ta da ciwo, ɗaya tana da ciwo ba ta da fasfo. Wacce za ki kai?”

Wallahi sai a lokacin na ga sunan fasfo daban, na takardun asibiti daban. Wata biyar ina riƙe da karnen nan, ni mai gyara wa yara kuskuren harafi ɗaya da jan biro, ban taɓa gani ba. Maigidana ya sha sayo maganin da ordonans ɗin, bai gani ba, don shi ma a wajensa Ya Gaji ce. Mai farmasin ɗan Birni ne, ya san ta tun yana yaro, me zai tambaya? Mai ajans ya ce in takardu ba su zo masa daidai ba zuwa Alhamis ta sama, ba zai iya aikawa ba, kuma shi ba zai ɗauki fasinja da wannan magani a haka ba.

Ari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ga Majo ta yi wa mara lafiya suna ba rago. Da ya gama sai ya kawo tasa dabarar, wai a goge a rubuta sunan gaskiya a sama, biro iri ɗaya ne. Na ce takardar da aka goge ta fi wadda babu muni. Ban gaya wa Ya Gaji komai ba a ranar, amma gidan Barebari ba a ɓoye magana, kafin magariba ta ji.  Ta dai sa aka mayar da sabuwar jakarta bayan ƙofa, inda ba za ta riƙa ganinta ba. Wannan ya fi mini zafi da a ce zagina ta yi.

Washegari na koma asibiti. Likita ya yi tafiya, sai Talata. Na sami majo ta gaskiya, wata doguwar mata mai gilashi, na zayyana mata komai. Ta ce ba ni ce ta farko ba, akwai karne a wajensu mai suna Inna, akwai mai suna Tsohuwa. Ta ce ita ba ta da ikon canja ko harafi, kuma likita ba zai rubuta wa fasfo bayani ba sai ya ga mai fasfon da idonsa. In kawo ta Talata. A nan zan yi ƙorafina: da mai buɗe karne ya nemi katinta tun ranar farko, da duk wannan bai faru ba. Minti ɗaya ne. Amma laifin farko nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Talata ina idar da sallar asuba na tafi na ajiye karne a layi, na tarar mutanen ƙauye sun riga ni da yawa. Da aka ƙirga waɗanda likita zai gani, ba mu ciki. Na je na tsaya a ƙofar majo, na ƙi tafiya. Ta fito sau uku tana ganina. A na huɗu ta ce mu jira ƙarshe, in ya yarda. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ya ba ta masu yi mata. Ya Gaji ta wuni kwance a tabarma ƙarƙashin dogon yaro, na ba ta maganinta a kan lokaci, muka yi azahar a nan, muka yi la'asar.

Da muka shiga likita ya gaji liƙis, amma ya saurara. Ya jawo sabuwar takarda, ya cire murfin biro, ya ce to Madam, faɗa mini sunan. Na miƙa masa fasfo da hannu biyu.

“Ke fa malamar makaranta ce,” in ji shi.

“Ita kuma uwar mijina ce, likita.”

Ya girgiza kai yana murmushi, ya ce matarsa ma haka take yi wa tasa uwar. Ya dubi hoton fasfo, ya dubi fuskarta, ya sake duba ƙafar, sa'an nan ya kwafe sunan harafi bayan harafi, har da ranar haihuwar da aka ba duk tsofaffinmu, ɗaya ga watan ɗaya. Ya sa aka buɗe sabon karne aka liƙa tsohon a bayansa, ya rubuta a ciki cewa mutum ɗaya ce. Laraba na sayi sabbin kwalaye da sabuwar ordonans, na karɓi rasit mai sunan. Alhamis da hantsi takardu suna hannun mai ajans, shi ya kai wa mai fassara. Da na dawo na tarar jakar ta fito daga bayan ƙofa.

To ga abin da zan gaya wa mai shirin fita da mara lafiya, ko Makka ko wata ƙasa. Tun ranar da za ki buɗe karne ki tafi da katinsa, in bakinki ba zai iya ba ki miƙa a kwafa. Ki ajiye fasfo kusa da ordonans ki duba da yatsa. Kada ki ɓare magani daga kwalinsa don jaka ta yi sauƙi, kuma ya zauna a jakar hannu, ba cikin kayan da ake aunawa ba. Na yi kwafi uku na kowace takarda, ɗaya a jikina, ɗaya a jakarta, ɗaya a waya. Dokar kowace ƙasa daban ce kuma tana canjawa, abin da aka nema a wajenmu ba lalle shi za a nema a wajenki ba, ki tambaya da wuri.

Hanyar Yamai doguwa ce, ta ji jiki, amma ta jure. A filin jirgi na nuna takardu aka ce mu wuce. Da muka sauka Jidda ƴan ayarinmu suka bi ƙofar waɗanda ba su da abin nunawa, ni na tura ta a keken marasa lafiya zuwa ɗaya ƙofar, na ɗora kwalayen a tebur da kaina kafin a tambaye ni. Gabana bai faɗi ba ko kaɗan. Jami'in saurayi ne, ya ƙirga ƙwayoyin, ya duba na'urarsa, ya duba fassarar. Sa'an nan ya ɗago kai ya kira sunan, da sunan mahaifinta a bayansa, yadda Larabawa ke faɗinsa tun daga maƙogwaro.

Ya Gaji tana can tana kallon fitilun rufi. Ya sake kira. Na sunkuya na ce, “Ya, ke ake kira.” Ta juyo a hankali ta dube shi, ta gyara zama a keken, ta ce na'am. Ya buga hatimi, ya mayar mini da kwalayen, ya yi mata addu'a da hannu a ƙirji.

Muka shiga mota zuwa Makka. Can ta ce mini rabon da wani ya dube ta ya kira ta da sunan nan tun rasuwar yayanta, kuma a lokacin maigidana ko tafiya bai fara ba. Ta ce har ta ɗauka sunan ya riga ta mutuwa.

Ɗawafi zagaye uku ta yi da ƙafarta, tana riƙe da kafaɗata, sauran huɗun a keke. Da muka gama muka sami wuri muna fuskantar Ka'aba, na ɗaga hannu na fara roƙo, ina cewa Allah ka ba Ya Gaji lafiya, Allah ka gafarta wa Ya Gaji. Sai na ji ta kama hannuna ta matse.

“Ke ƴar nan, ba ki daddara ba? Nan ma da Gaji za ki buɗe mini karne? Faɗi sunan sosai. Ni na ce ki faɗa.”

Na san Allah ya san wadda nake nufi, ita ma ta sani. Na dubi mutanen da ke kewaye da mu, ba ɗan Birni ko ɗaya.  Na faɗa, ita da sunan mahaifinta, da ƙarfi yadda za ta ji. Ta ce amin, ta ce in sake.